Mulkin Jama'a Daga Tushe: Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Gari da Bin Kadin Gwamnati a Karkarar Kano da Jigawa

A yawancin ƙauyukanmu, daga Sumaila har Birniwa, an san ranar zaɓe sarai. An san layi, an san dangwala yatsa, an san motocin da ke shigowa da lasifika idan abin ya ƙarato. Abin da bai zauna a zukata ba shi ne abin da ke biyo baya: wa ke riƙe da dukiyar jama'a, wace doka ce ta ɗaure masa hannu, kuma ta wace ƙofa talaka zai bi ya tambaye shi. Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ce gwamnatin dimokuraɗiyya, kuma da aikatawa ake koyon ta. Gari mai gidaje ɗari biyu zai iya kafa ƙungiyar ci gaban gari cikin rani guda, da tsarin mulkinta da zaɓenta da littafin kuɗinta. Mutumin da ya saba miƙewa a taro ya ce ma'aji ya karanto lissafi, ba zai ji nauyin yi wa kansila irin wannan tambaya ba. Shi ya sa za mu fara daga cikin gari, kafin mu fita zuwa sakatariya da majalisa.

## Abin da za a fara fahimta

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya ce iko na al'ummar Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun ƙarfinta, kuma tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa ta. Na san abin da wani dattijo zai ce nan take: mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Gaskiya ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma wanda aka ɗora a kan jama'a amana aka ba shi, mai amana kuwa ana tambayarsa tun a duniya. Alƙur'ani ma, a Suratus Shura, ya yabi mutanen da al'amarinsu shawara ce a tsakaninsu. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗauko kalmar gaskiya a toshe bakin wanda ya tambayi ina kuɗin rijiya suka shiga.

An raba ikon gida uku da gangan. Majalisa ke yin doka, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke sa ido a kan yadda aka kashe. Ɓangaren zartarwa, wato shugaban ƙasa da gwamna da ciyaman, su ke aiwatarwa. Kotu ke raba gardama. Hikimar ita ce kada mai riƙe da kuɗi ya zama shi ke binciken kansa, shi kuma ke yanke wa mai ƙararsa hukunci.

Sannan an yi wa gwamnati hawa uku: tarayya, jihohi 36, da ƙananan hukumomi 774, waɗanda Kano ke da 44, Jigawa 27. Duk wanda ya kai shekara 18 yana da mutum bakwai da ƙuri'arsa ke ɗorawa: kansila, ciyaman, ɗan majalisar jiha, gwamna, ɗan majalisar wakilai, sanata da shugaban ƙasa. Majalisar jihar Kano kujera 40 ce, ta Jigawa 30. Cikin wakilai 360 na Abuja, Kano na da 24, Jigawa 11, kuma kowace jiha sanatocinta uku. Aikin farko na duk mai son bin wannan jagora shi ne ya zauna ya rubuta sunayen mutanensa bakwai ɗin nan. Da yawa za su tarar sun san na sama, sun manta na kusa.

Wannan 'yanci ba a kwance aka same shi ba. Kakanninmu sun yi zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, lokacin da haraji da jangali da aikin tilas ke hawa kan talaka ba tare da an nemi jin bakinsa ba. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala don sun ce talaka ma yana da ta cewa. An sami 'yancin kai a 1960, sojoji suka kifar da gwamnati a Janairun 1966. Da farar hula suka dawo a 1979, a lokacin ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har 1991. Sojoji suka sake dawowa a ƙarshen 1983, aka soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, sai ranar 29 ga Mayu 1999 aka koma tsarin da muke ciki yanzu.

## Mataki na farko: su wane ne jama'ar?

Kafin a yi maganar shugaba, a tsayar da wanda ke da murya. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke karkacewa tun ran gini, domin waɗanda suka kira taron farko sukan ɗauka su ne garin. Ku ɗauki littafi ku bi unguwa-unguwa, ku rubuta kowane baligi mazaunin gari da ya yarda ya shiga.

Mata suna ciki. Su ke fama da nisan rijiya da asibitin da babu ungozoma, don haka ƙungiyar da ba ta jin bakinsu za ta yi ta gyara abin da bai fi damun gida ba. Inda al'ada ba ta ba da damar zama wuri ɗaya ba, a yi musu nasu taron a makarantar Islamiyya ko gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, su zaɓi wakilansu da kansu, a kuma lissafa ƙuri'arsu daidai da ta maza. Fulanin ruga da ke gefen gari suna ciki, ko don maganar burtali da mashaya, wadda ba ta sasantuwa idan ɓangare ɗaya kaɗai ke zaune. Inda akwai Kiristoci ko Maguzawa, su ma 'yan gari ne. 'Yan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal, waɗanda galibi su ke turo kuɗi mai kauri, a tsara yadda za a riƙa sanar da su ta waya.

A sa taron farko bayan an gama girbi, a ranar da ba ta kasuwa ba, a kuma yi shela a masallatai mako guda kafin ranar.

## Mataki na biyu: ƙofar dagaci

Kada a kuskura a fara komai a bayan idon mai unguwa da dagaci, ko bulama a wuraren da haka ake kiransa. A tura dattawa biyu ko uku da matashi ɗaya, a je da ladabi. Magana irin wannan ta isa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman albarkarka ne. 'Ya'yanka na son su haɗa kai kan maganar ruwa da makaranta, muna so ka zama uban wannan tafiya." Haka za a yi wa liman.

Amma a lura da kyau, uba aka ce, ba a ce shugaba ba. Shugaban ƙungiya mutum ne da za a yi wa tambaya a bainar jama'a, a kuma sauke shi idan ya gaza. Ba wanda zai iya yi wa dagaci haka, bai ma dace ba. Barin sa a matsayin uba yana kare martabarsa, yana kuma bar wa jama'a bakin magana. Dagaci mai hangen nesa yakan fi kowa gane wannan.

## Mataki na uku: rubuta tsarin mulki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa wani malamin makaranta ne ke kwafo na wata ƙungiya da Turanci, a sa a jaka, ba a sake buɗewa sai rigima ta tashi. Ku naɗa kwamitin mutum biyar zuwa bakwai, da mace aƙalla ɗaya da matashi da wanda ya iya ajami, ku ba su wata guda. Su rubuta da Hausa, boko da ajami, kada ya wuce shafi huɗu.

Ga tambayoyin da dole takardar ta amsa. Me ƙungiyar ta tsaya a kai, me kuma ba ruwanta da shi? Waɗanne muƙamai ne, kuma ina iyakar kowanne? Shekara nawa ne wa'adi? Shawarata ita ce shekara biyu, sau biyu, daga nan mutum ya huta ko da ya fi kowa ƙoƙari. Ƙasa ma haka ta yi wa shugaban ƙasa da gwamna, shekara huɗu sau biyu, kuma da aka nemi tazarce karo na uku a 2006, majalisar dattawa ce ta yi watsi da shi. Mutum nawa ne za su halarta kafin hukuncin taro ya zama halattacce? Idan ba a rubuta wannan ba, wata rana mutum shida za su zauna da daddare su sayar da filin ƙungiya, su ce taro ne ya yanke. Ta yaya ake sauke shugaba, kuma wace dama za a ba shi ya kare kansa tukuna? Wa ke raba gardama? Nan a kafa kwamitin dattawa uku waɗanda ba sa cikin shugabanni, su ne kotun ƙungiya.

Sai kuma abin da mutane kan manta: iyakar masu rinjaye. Rinjaye na yanke wace rijiya za a fara gyarawa. Rinjaye ba ya halatta a cinye burtali, ko a hana wata unguwa ruwa don ba ta zaɓi shugaba ba, ko a kori mutum don ya yi tambaya mai zafi. A rubuta waɗannan ƙarara. Babi na huɗu na kundin ƙasa aikinsa ke nan: haƙƙin rai, mutunci, addini, faɗin albarkacin baki, taro da ƙungiya, da shari'ar adalci, duk an ajiye su inda yawan ƙuri'a ba ya taɓa su cikin sauƙi.

A sa gyaran tsarin ya yi wuya fiye da sauran hukunce-hukunce, misali sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Na ƙasa ma sai kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 suke gyara yawancin sassansa.

Idan kwamiti ya gama, a karanta wa jama'a da babbar murya, sashe-sashe, a taron maza da na mata, a saurari gyara, sannan a kaɗa ƙuri'ar amincewa. Babban abin da ake sukar kundin 1999 da shi shi ne gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da shi da dokar soja, ba a kai shi gaban jama'a sun amince ba. Ku a garinku kuna da damar yin abin da ya fi wannan.

## Mataki na huɗu: zaɓe

Waɗanda za su gudanar da zaɓen kada su kasance 'yan takara ko 'yan ɗakinsu. Malaman makaranta da ba 'yan asalin garin ba sukan dace da wannan aiki.

Za a sami masu cewa a yi ƙato bayan ƙato, wato kowa ya bi layin ɗan takararsa a fili, kamar zamanin Babangida, ai ya fi sauri kuma ba a maguɗi. Ban goyi bayan haka a ƙauye ba. Mutum ba zai iya tsayawa a layin da ba na surukinsa ba, ko ya juya wa wanda ke ba shi bashin taki baya a gaban kowa. A yi na sirri. A ba kowane ɗan takara alama, wannan fartanya, wancan tulu, wani zakara, a zana su a takarda ɗaya, a buga mata hatimi a baya. A kewaye wuri da zana, mutum ya shiga shi kaɗai ya dangwala, ya naɗe, ya fito ya jefa a akwati a gaban kowa. A nuna akwatin a buɗe kafin a fara. A ƙirga nan take a fili, ana ɗaga kowace takarda, wakilan 'yan takara su sa hannu. Yawan takardun da ke cikin akwati kada ya wuce yawan sunayen masu jefa ƙuri'a da aka soke a rajista yayin ba su takarda.

## Mataki na biyar: kuɗi

Ƙungiyoyin gari ba su cika mutuwa saboda rashin kuɗi ba, zargi ne ke kashe su. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi a aljihu, ko da bai ci ko kwabo ba, wata rana sai an yi da shi.

A tsayar da gudummawar da talaka zai iya, ko kuɗi kaɗan duk wata, ko kwanon hatsi bayan girbi, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Duk abin da ya shigo a ba da rasit, ko naira ɗari ce. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa, kuma kada ukun su fito daga gida ɗaya. Saƙon shigar kuɗi da fitarsa ya riƙa zuwa wayar wani dattijo da ba ya cikin masu sa hannu. Shugaba ba ya kashe abin da taro bai amince ba, sai ɗan abin da aka ƙayyade don larura, kamar kai mai naƙuda asibiti.

Duk wata uku ma'aji ya karanta lissafi a fili: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A zaɓi masu binciken kuɗi biyu daga wajen shugabanni, su duba rasit, su je su ga aikin da idonsu. Idan an ce an sayi buhun siminti ashirin, su ƙirga. Wanda ya ji haushin a bincike shi, ya nuna bai dace da riƙon ba.

Ɗan siyasa zai zo da kyauta, musamman idan zaɓe ya gabato. A karɓa a gaban jama'a, a rubuta, a yi godiya, ba da sharaɗi ba. Ƙungiya ba ta da jam'iyya. Ranar da ta ɗaga hannun wani ɗan takara, rabin garin ya fita daga cikinta.

Bayan wannan sai rajista. A fara da sashen da ke kula da ƙungiyoyin al'umma a sakatariyar ƙaramar hukuma. Idan ƙungiya ta girma har tana son mallakar fili da sunanta, sai a nemi rajistar CAC, hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista.

## Mataki na shida: sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Yanzu an fito daga gari. Koke da yawa na mutuwa ne saboda an kai shi inda ba a da ikon magance shi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sannan tana da hannu a firamare da kiwon lafiya da noma. Idan malami ba ya zuwa aji, a fara da kwamitin kula da makaranta na gari, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Babban asibiti da babbar sakandare na jiha ne. 'Yan sanda da sojoji da manyan tituna irin na Kano zuwa Maiduguri na tarayya ne. Haka madatsun Tiga da Challawa da hanyoyin ruwan Kadawa, suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Hadeja da Jama'are, ita ma ta tarayya ce. Manomin shinkafa a Kura da ruwa bai isa gonarsa ba, ko mutanen Auyo da ciyawar kacalla ta toshe wa kogi, ɗan majalisar wakilai da sanata ya kamata su matsa wa, tare da hukumar kanta.

Kuɗin nan kuwa akwai su a rubuce. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, ana kuma wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata a intanet. A ɗora wa matashi ɗaya mai waya nauyin nemo wannan adadi ya karanta a taro. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma yana nan, kuma hujja ce a hannunku.

Koke a rubuce ake kai shi. Shafi ɗaya, matsala ɗaya. A fara da "Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, bayan gaisuwa da fatan alheri," sannan a faɗi abin da ya lalace, tun yaushe, gidaje nawa ya shafa, me gari ya riga ya yi da aikin gayya, me ake nema. Shugaba da sakatare su sa hannu, a ba kansila da dagaci kwafi. A je da kwafi biyu, a roƙi ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku. Bayan mako biyu a koma. Idan ana son sanin nawa aka ware wa wani aiki da wanda aka ba kwangilar, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce ba sai ya faɗi dalili ba, hukuma kuma tana da kwana bakwai ta amsa. Idan an yi shiru, akwai ɗan majalisar jiha, akwai hukumomin karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a, akwai hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC da ke bin sawun ayyukan mazaɓu, akwai gidajen rediyo. A rediyo a tsaya kan abin da ake da takardarsa, ban da zagi, ban da ƙazafi.

Mai tambaya yakan gamu da barazana, don haka kowa ya riƙe wannan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har ya ga lauya, dole a faɗa masa laifinsa da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati.

## Mataki na bakwai: zaɓen gwamnati

Hukumar INEC ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa, na ciyaman da kansila kuwa hukumar zaɓen jiha ce, KANSIEC a Kano, JISIEC a Jigawa. Aikin ƙungiya ya fara tun kafin kamfe: a tabbata duk wanda ya kai 18 ya yi rajista ya karɓo katinsa, amaren da aka kawo daga wani gari su mayar da rumfarsu kusa. Matasa su sani cewa tun gyaran 2018, ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai.

A gayyaci 'yan takara na kowace jam'iyya, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, sakatare ya rubuta amsoshinsu da kwanan wata. Kada a raina ƙuri'ar karkara. Ba a zama gwamna da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, wato 18 cikin 27 a Jigawa. Mai ci ma yana faɗuwa: ya faru a Kano a 2003, ya faru a ƙasa baki ɗaya a 2015.

Maganar taliya da atamfa da 'yan dubbai a bakin rumfa, ba zan zagi wanda yunwa ta sa ya karɓa ba. Amma a yi lissafin a fili: naira dubu biyar a shekara huɗu ba ta kai naira huɗu a rana ba, kuma wanda ya saya yakan ɗauka ya gama biyan garin. Laifi ne a doka ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ranar zaɓe a fita da wuri. Na'urar BVAS za ta tantance yatsa ko fuska. Kafin a shiga dangwalawa a juya takardar a ga hatimi da sa hannun malamin zaɓe da kwanan wata. Rashin wannan ƙaramin abu ne ya sa kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kano ta zare ƙuri'u sama da 165,000 a 2023, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Bayan jefa ƙuri'a a koma gefe cikin natsuwa a jira ƙirga. A ji an shelanta sakamakon, a ga an cika takardar sakamakon rumfa mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, an manna kwafin sakamako a bango, a ɗauki hotonsa. Wanda bai gamsu ba, kotu ce hanyarsa: ɗan takara ko jam'iyya na da kwana 21 su shigar da ƙara, kotun kuma kwana 180 ta yanke hukunci. Iyaye su riƙe 'ya'yansu daga jagaliya, domin yaron da aka ba gora da ƙwaya shi ke kwana a asibiti ko a kurkuku, ɗan wanda ya aike shi na makaranta.

Idan ɗan majalisa ya yi watsi da mazaɓarsa, akwai kiranye a sashe na 69 da na 110 na kundin tsarin mulki, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya ƙwarai. Littafin alkawuran da sakatare ya ajiye, a karanta shi a taro kafin zaɓe na gaba, ya fi saurin aiki.

## Miƙa ragama

Ana saura wata biyu wa'adin shugabannin ƙungiya ya cika, a naɗa masu gudanar da zaɓe, a sa rana, ko da kowa na cewa a bar su su ci gaba. Idan ana son su, a sake zaɓen su a akwati, matuƙar ba su cika wa'adi na biyu ba. Masu binciken kuɗi su kammala rahotonsu kafin ranar, a karanta shi kafin a fara jefa ƙuri'a.

Cikin mako biyu bayan zaɓe, a zauna a ƙofar dagaci a gaban jama'a. Tsofaffin shugabanni su miƙa littafin rajista, littafin kuɗi da ƙunshin rasit, hatimi, takardun fili, kwafin duk koken da aka kai da ranar da ya kamata a koma bibiya, da jerin bashin da ake bin ƙungiya da wanda take bi. A rubuta duk abin da aka miƙa a takarda ɗaya, tsoho da sabo su sa hannu, dagaci da liman su shaida. Washegari ɓangarorin biyu su tafi banki tare da kwafin bayanin taron, a sauya masu sa hannu da lambar wayar da ke karɓar saƙo.